Yatsan Yaya Bawa

Yaya Bawa marini ya rasu ne shekarar da aka canza kuɗi, mutane suka yi ta gasuwa a layin banki a Dutsin-Ma, 'yan damuna kaɗan bayan cutar nan da ta hana zuwa Hajji. Kada ku tambaye ni lamba. Ban yi boko ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da shi, saboda haka ku bar ni in faɗa.

Ku da kuka san shi kun san yatsan nan. Babban yatsansa na dama, shuni ya ci shi har ƙarƙashin farce. Kafin ya amsa maka sallama zai lashe shi, ya kamo bakin rigarka ya murza, ya duba, ya taɓe baki.

"Zai zuba."

Ke nan! Duk rinin da ba daga raminsa na Karofi ya fito ba, zai zuba. Ranar da marigayi maigidana ya fara zuwa gaisuwa daga Kurfi, ya sha shadda sabuwa fil, yana durƙushe Yaya ya murje ta.

"Samari, ta aro ce?"

"A'a Malam, tawa ce."

"Ayya. Da ta aro ce da asarar ta wani ce."

Liman ma bai tsira ba. Ran Sallah ana yin sallama Yaya ya miƙa hannu daga sahun farko ya kamo alkyabbarsa. "Allah gafarta Malam, sallar dai ta yi. Rigar ce ba ta yi ba." Wallahi ina daga bayan mata na ji dariyar!

Abu guda ne ke cin shi a rai: ba magaji. Mazan ɗiyansa duk sun tsere wa ramin, wani ya kama acaɓa, wani yana saida waya a Katsina. Sai autarsa Rakiya, wadda boko ya ja har ƙasar waje, ta dawo ana ce mata Dakta. Yarinyar nan duniya ta yabe ta, amma ni na san kalma guda take nema, kuma daga bakin ubanta take son ta. Ta zauna a gabansa a tsakar gida ta ce, "Baba, ni fa na gaje ka. Rini nake yi."

"Nuna mani hannunki." Ta nuna. Fes! "Wane irin rini?"

Ta yi bayani, ni ma na kasa kunne. Wai wani ruwan rini suke haɗawa, a yi allurarsa a jijiya, ya bi jini ya wuce lafiyayyen nama, ya je ya maƙale a jikin ciwon daji. Sai a haska wata fitila, ciwon ya yi ta ƙyalli, likita ya ga iyakarsa ya yanke ba tare da ya bar saura ba.

"Wane launi gare shi?"

"Ido ba ya ganinsa, Baba. Hasken fitilar ma ido ba ya gani. Sai da kyamara ta musamman."

Yaya ya juyo gare ni. "Kin ji ko? Rinin da ba a gani, da fitilar da ba ta haske. To ni ma jiya na rina iskar garin nan kaf, ba ku lura ba ne." Ya koma kanta. "Rigar wa kika taɓa rinawa?"

"Yanzu dai a jikin ɓeraye muke gwadawa."

La'ilaha illallahu! Sai da ya cire hula. Washegari ya ɗana tarko a rumbu, ya kama wani ƙaton ɓera, ya riƙe shi ta wutsiya ya tsoma a ramin shuni, ya sake shi a ƙofar gida. Ɓera shuɗi ya ratsa unguwa da gudu, mata na ihu suna neman tsari daga aljanu. Yaya yana tsaye yana goge hannu.

"Ga nawa nan, Dakta. Ba kyamara."

Rakiya ta yi dariya tare da kowa. Da ta shigo ɗakina kuwa ta ce, "Gwaggo, ba zai taɓa yarda ba ko?" Na ce ta ci tuwonta.

Ba a daɗe ba ƙari ya fito mashi a wuya. Ya ɓoye shi da rawani har ya fi ƙarfin rawanin. Da aka kai shi asibiti aka ce ciwon nan ne dai, kuma ya yi nisa. Rakiya ta baro aikinta ta taho. Yana kwance ya kalle ta a kaikaice.

"To kawo rinin naki mu gani. Zuba mani."

"Nawa rinin ba a kai ga yi wa mutane shi ba tukuna, Baba."

"Au! Ɓera ya fi ubanki?"

Muka yi dariya, ita da hawaye. Sai ta ciro waya ta nuna mashi hoto: ɓera kwance, jikinsa duk dishi-dishi, wuri guda ne kawai a gefensa ke ƙyalli kamar garwashi. Ta ce nan ne ciwon yake.

Ya daɗe yana kallo. "Bai taɓa sauran jikin ba?"

"Bai taɓa ba."

"Ba a ɗaure ba, ba a ɗinke ba, shi ya san inda zai kama?"

"Shi ya sani."

Sai na ga ya ɗaga yatsan nan da ƙyar, ya lasa, ya murza gilashin wayar. Ya murza, ya ƙara murzawa, ya duba yatsan. Ni da ban yi boko ba na san hoto ba ya zuba, shi ma ya sani sarai. Ya miƙa mata wayar, bai dube ta ba.

"Bai zuba ba."

Tun ina goye nake jin bakin mutumin nan, ban taɓa jin ya faɗa wa rinin kowa haka ba.

A cikin waɗanda suka ga ɓeran nan shuɗi, manya dai saura ni, da Hajiya Kulu matarsa, da Liman, wanda har yau yake tattare alkyabba in ya yi sallama. Rakiya ta koma wurin ɓerayenta, ta tafi da muciyar ramin, wai tana jingine a ofis ɗinta. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa aikin ɗiyarsa ya kai ga mutane. Ya tufatar da shi da tufafin Aljanna, irin waɗanda ko shi ba zai samu abin cewa ba.