Usta Orozakun, Mai Shinshinar Murhu

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun At-Bashi, Usta Orozakun (Usta laƙabi ne na gwanin sana'a) ya riga ya rataya igiyarsa a kafaɗa ya fito ƙofar gida. Ba ya kama hanya nan take. Tsayawa yake yi a tsakiyar layi, ya ɗaga kai yana bin bututun hayaƙin gidaje da kallo. Wanda hayaƙinsa ya miƙe sama, ya gyaɗa kai ya wuce. Wanda hayaƙinsa ke fita da ƙyar yana kwanciya a kan rufi, to mai gidan ya shirya karɓar baƙo, ko ya gayyace shi ko bai gayyace shi ba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan zagaye, daga farkon sanyi har ƙanƙara ta saki kogi.

Kayan aikinsa ba su da yawa: igiya mai dunƙulen ƙarfe da burushi a bakinta, cokalin magina, guntun madubi da kwalin ashana. Babban kayan aikin kuwa a fuskarsa yake. Saboda hancin nan bai taɓa shan taba ba, ba ya shafa turare, kuma in ya shiga gida ba ya karɓar shayi sai ya gama. A garin da ƙin karɓar shayi ya kusa zama zagi, shi kaɗai aka yafe wa. Yakan tsaya a bakin ƙofa, ya cire hula, ya lumshe ido, ya ja numfashi a hankali. Yara su yi tsit. Can sai ya ce, “Wa ya jefa tsohon takalmi a wuta?” Kuma sai an sami mai sunkuyar da kai.

A hannun wani tsohon Bajamushe maginin murhu ya koyi sana'ar, kafin mutumin ya koma ƙasar kakanninsa. Abin da ya koya bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Ba matar aure a unguwarmu da ba ta haddace karatunsa ba.

“Ƙaurin ƙura ranar da aka fara kunna murhu ba komai ba ne, amma in ya kwana ya wuni, a kira ni. Warin ruɓaɓɓen ƙwai, kwal ne yake dawo muku da hayaƙinsa cikin ɗaki. Tsami irin na jiƙaƙƙiyar toka, bututu ya fara toshewa. Ƙaurin roba in ba a ƙona komai ba, a duba wayar wuta da ke kusa da bangon murhu.” Daga nan sai ya sassauta murya. “Amma wanda yake kisan ba shi da wari ko kaɗan. Waɗannan duk 'yan rakiyarsa ne. In kin ji su, ki san yana kusa.”

Kowane murhun bulo a garin nan yana da faifan ƙarfe da ake turawa a rufe bututu in wuta ta mutu, don kada ɗumi ya tsere. Masu gaggawa kan rufe shi tun garwashi na fitar da shuɗin harshe, kuma ta nan aka sha yin jana'iza. Usta ya gaji da wa'azi. Wata kaka ya ɗauki abin huda ƙarfe ya bi gida-gida, duk faifan da ya samu ya yi masa rami kamar faɗin babban yatsa, yadda ko an rufe shi ruf, iska za ta sami hanyar fita. Ba kowa ya gode masa ba. Asankul mahauci ya tare shi a kasuwa.

“Usta, ka huda mini murhu kamar rariya. Kwal ɗin da nake saye sararin sama nake ɗumama wa?”

“Ɗan abin da ke fita ta ramin nan bai kai abin da ke fita ta bakinka ba, Asankul, kuma ban ga ka daskare ba.”

Mutane suka yi dariya, Asankul ma ya yi. Ramin yana nan har yau.

Abin da ya faru a gidan Salkinai kuwa mata tara ne shaidunsa, kuma duk suna raye. Salkinai tana tara matan unguwa a wani ɗaki na bayan gidanta suna ɗinka dardumar ulu. A sanyin shekara goma sha biyu da suka wuce, ta sa aka kafa mata murhun ƙarfe a ɗakin, aka haɗa shi da wani tsohon bututu, aka liƙe tagogi da leda. Wata Talata da azahar Usta ya zo wucewa, yana hanyar wani gida daban. Ya ga takalman mata jere a bakin ƙofa. Ya ɗaga kai, ya ga dusar ƙanƙara zaune a kan bututun kamar hula, ko alamar narkewa babu. Sanyin ranar yana daskarar da gashin hanci. Mata tara ba za su zauna ɗinki a irin wannan rana ba wuta ba. To ina hayaƙin yake zuwa?

Ya tura ƙofa da sallama a bakinsa. Ɗakin ya yi ɗumi mai daɗi, ga wani ɗan tsami-tsami da su na ciki suka daina ji tun hantsi. Babu mai hira. Biyu sun jingina da bango, ɗaya ta dafe goshi. Wata bazawara mai suna Kenjegul ta kifa kai a kan dardumar da take ɗinkawa, allura na hannunta.

“Ku tashi ku fita,” in ji shi. “Yanzu.”

“Usta, lafiya?” Salkinai ta tambaya, harshenta na nauyi. “Mura ce ke yawo, duk kanmu ke ciwo. Rufe mana ƙofa, kana shigo da sanyi.”

“Ba mura ba ce, yaya. Tashi.”

“A cikin gidana za ka ba ni umarni?”

Ya ɗaga dunƙulen ƙarfen igiyarsa ya daki taga, gilashi da leda suka zube waje. Ya daki ta biyun. Sannan ya sunkuya ya ciccibi Kenjegul, shi da ya haura hamsin a lokacin, ya fita da ita ya kwantar a kan rigar fatarsa a tsakar gida. Ya koma ya janyo wata. Waɗanda suka yunƙura da kansu sai ƙafafu suka ƙi ɗaukarsu, suka fito da rarrafe, wasu na amai. Sau biyar ya shiga ɗakin, yana ɗauke numfashi tun daga bakin ƙofa. Salkinai ce ta ƙarshe, tana tafe tana yi masa faɗan taga har ta zube a kan dusar ƙanƙara. Maƙwabta suka kawo mota. A asibiti aka ce da an ƙara rabin sa'a, da Kenjegul ba ta tashi ba, kuma da wuya a ce ita kaɗai ce.

Shi bai bi su asibiti ba. Ya hau rufin, ya zura igiya, ya tarar bulo biyu sun rufta cikin bututun, kunkunniya ta taru a kansu ta toshe hanya. Ya gyara. Washegari da Salkinai ta dawo gida, ta same shi a kan tsani yana sa mata sabon gilashi.

“Ni na fasa,” in ji shi. Iyakar abin da ya ce ke nan a kan maganar.

Kai ne wannan, Usta. Kai ne ka san cikin bangon kowane gida a garin nan fiye da masu kwana a ciki. Mu muna ganin hayaƙi mu wuce, kai kana karanta shi. Gidajen da ka hana a yi makoki a cikinsu ba su san kansu ba, domin abin da aka tare tun bai faru ba ba ya barin labari.

Da Kenjegul ta warke, sai ta ajiye allura ta zo ƙofar gidansa ta ce a koya mata. Shekarunta arba'in da uku a lokacin. Maza suka yi ta zolaya, wai an ga mace a kan rufi sai ka ce akuya. Usta ya ce akuya ba ta faɗowa, ya miƙa mata igiya.

Duk wannan an sani. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya yi bana.

A ƙarshen bazara zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu. Ya tashi, ya shiga zagayen kaka kamar kullum. Wata ranar Laraba yana zaune kusa da murhun gidansa yana gyaran burushi, matarsa Burulkan ta shigo da sauri ta sauke tukunya.

“Tsoho, madara ta ƙone ƙurmus, kana zaune a gindinta?”

Ya dubi tukunyar, ya dubi matarsa. Ya tashi ya buɗe galan ɗin kananzir ya kai hanci. Ya fasa tafarnuwa ya shinshina. Ya fita garke ya tsaya a tsakiyar tumaki. Da ya dawo, sai ya zauna ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa.

“Babu,” ya ce. “Ko kaɗan. Kuma ban san tun yaushe ba.”

Burulkan ta zauna kusa da shi. “Zai dawo. Kafin nan wa ya sani? Idonka na gani, hannunka ya san aiki. Ka yi shiru da bakinka, tsoho. Wannan hancin shi ne sunanka a gari.”

“Gida sittin da uku na shiga tun da na tashi daga ciwon nan. A kowanne na tsaya a bakin ƙofa na lumshe ido, na ce musu lafiya lau. Sun kwantar da 'ya'yansu a kan maganata.”

Ranar Juma'a bayan an idar da salla ya miƙe a gaban jama'a, hularsa a hannu, ya ce hancinsa ya mutu, kuma duk wanda ya duba wa murhu bana kada ya saki jiki sai ya sake zuwa. Mutumin da aka fi yarda da shi a gari ne yake cewa a daina yarda da shi.

Kwana tara suka yi suna bin gidajen, shi da Kenjegul. Ita ke tsayawa a bakin ƙofa ta ja numfashi, shi yana gefe da ashana da madubi. A gida na hamsin da ɗaya, gidan Asankul, inda surukarsa ke jego a ɗakin da ke bayan murhu, Kenjegul ta tsaya cak.

“Usta, akwai warin ƙwai-ƙwai a nan. Kaɗan ne, amma akwai.”

“Jariri ne a ɗakin, me kike so ki ji, turare?” in ji Asankul.

“A janye kabad ɗin nan,” in ji Usta.

Aka janye. A bayansa bangon murhun ya tsage tun daga ƙasa har kusan kafaɗar mutum, gefen tsagar ya yi baƙi. Usta ya kunna ashana ya kai kusa, harshen wutar ya kwanto zuwa cikin ɗaki. Gadon jaririn bai fi taku biyu daga wurin ba, kuma babban sanyi, lokacin da ake cika murhu da kwal dare da rana, saura mako uku. Asankul, mai amsa ga kowace magana, ya nemi bakin gado ya zauna. Usta ya tuɓe riga ya fara kwaɓa yumɓu.

“Na tsaya a ɗakin nan wata guda da ya wuce,” ya ce wa mai jegon, “na ce miki lafiya. Ki yafe mini, 'yata.”

Yarinyar ta rungume ɗanta.

Hancin bai dawo ba. A ƙarshen watan nan Usta Orozakun zai miƙa wa Kenjegul zagayen gaba ɗaya. Kwanakin da suka rage masa yana cinye su ne wajen matsa wa mutane su sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a bango, mai ƙara in mugunyar iskar ta taru. Ya ce ita ba ta yin zazzaɓi.

Mun gode, Usta. Mun gode da tagogin da ka fasa, da ramukan da ka huda muna zaginka, da shayin da ka bari ya huce a gidajenmu shekara arba'in da ɗaya. Fiye da duka, mun gode da ranar Juma'ar nan. Gwanaye suna da yawa, amma gwanin da zai miƙe da ƙafarsa ya ce gwanintarsa ta ƙare, tun kafin kowa ya gane, mu dai kai kaɗai muka gani. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta a ɗaki mai ɗumi.

Mu kuma da muka rage, kowa da murhun da aka ba shi amana, ko na bulo ne ko aji ne ko sitiyarin mota. Wanda ya ji abin da bai gane ba a gidansa, ya buɗe taga, ya fitar da yara, ya kira masu sani, kada ya ce mura ce. Wanda kuma ya ce wa mutane lafiya lau, daga baya ya gane bai tabbatar ba, ya koma ya ƙwanƙwasa ƙofar. Wani tsoho mai ciwon gwiwa ya koma sau sittin da uku.