Alewa a Kan Kuskurena

Ina budurwa a Tsiga, babu abin da ya kai littattafan soyayya daɗi a wurina. Haya nake karɓo su, in ɓoye a ƙarƙashin tabarma, in karanta in Inna ta tafi kai abinci gona. A cikinsu, saurayin kirki ba ya rasa wata kalmar Turanci da zai jefa cikin zance, budurwa ta sunkuyar da kai, zuciyarta na bugawa. Tun a lokacin na sa wa raina cewa mijina sai mai irin wannan baki.

Na kuwa same shi. A bikin 'yar kawuna a Malumfashi na hango shi tsaye a gindin darbejiya yana waya, Turanci na zubo masa kamar ruwan famfo. Malamin Turanci ne a wata makarantar kuɗi a Funtua. Ban ji rabin abin da yake faɗa ba, amma na koma gida na kasa cin tuwo. Da ya turo, ko tunani ban tsaya yi ba.

Na gama sakandare, amma Turancina na gwangwani ne. Ya ce zai gyara ni, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin soyayya. Ranar da na ce masa “borrow me”, ya yi dariya ya kama hannuna, ya ce mai bayarwa “lend” yake yi, mai karɓa ne ke “borrow”. Na ce, “Malam, mu ai ara ɗaya gare mu, kuma ta ishe mu.” Ya ce shi ya sa muke baya. Har wannan maganar daɗi ta yi mini, don hannuna na cikin nasa.

Da muka haifi mace, namiji ya biyo ta, sai ya kafa doka: a cikin gidansa Turanci kawai. Hausa su tsince ta a titi da Islamiyya. Ban yi musu ba. Ina hango su sun girma suna magana kamar ubansu, ana nuna ni ana cewa ga uwarsu can.

Matsalar ita ce ni nake wuni da su, bakina kuma bai gyaru ba. Jiya da yau suna cakuɗe mini, abu ɗaya in yi masa jam'i, in ce na “ji” wari da kalmar da aka tanada don kunne. Ya ce zan lalata masa 'ya'ya. Sai ya sayo alewa ya cika wata kwalba, ya ɗora a kan firij. Duk yaron da ya kama kuskure a bakina, ya kuma faɗi daidai, alewa ɗaya. In ba ya gida, su riƙe a ka, in ya dawo a yi lissafi.

Da farko har ni ina dariya. In na buɗe baki sai su bar wasa su matso, ido a kan leɓena. Wace uwa ce ba za ta so haka ba? Na daɗe kafin in gane cewa ba ni suke saurare ba. In na ce su zo su ci abinci, ba abincin suke ji ba. In na ce wa yarinyar ta yi kyau da kitsonta, ba ta murmushi, sai ta tsaya tana auna maganar, in ba ta sami komai ba ta juya da fuskar wanda aka hana rabonsa.

Abokansa malamai in sun zo, nan ne wasan ke armashi. Zai ce, “Maman yara, ba su labarin zuwanki kasuwa jiya.” Ina farawa yaran su ɗaga hannu suna tsalle. Wani abokinsa mai furfura ya taɓa cewa, “Haba Malam, ka bar Hajiya ta huta mana.” Ya ce, “Ai makaranta take, kyauta ma. Ku nawa kuke biya?” Aka kwashe da dariya. Na kwashe kofuna na shiga kicin.

Wata rana da la'asar, lokacin girbi, yayana ya kira ni. Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin rumbu, an ɗauke ta zuwa asibitin Malumfashi, ba ta magana. Na fito tsakar gida ƙafata ba takalmi. Malam na zaune yana duba takardun ɗalibai, yaran na kusa da shi. Shekaru sun riga sun horar da harshena, don haka da Turanci na faɗa musu uwata ta faɗi, ba a san ko za ta tashi ba.

Yarinyar ta yi tsalle. “Dadi, na kama! Na kama!”

Ƙanenta ya ce shi ya fara ji. Malam bai ɗago kai daga takarda ba, ya tashi ya nufi firij kamar kullum. Sai da ya buɗe kwalbar ya dubi fuskata, hannunsa ya tsaya. Ya ce, “Me kika ce ya sami Inna?” Amma yaron ya riga ya fara kuka, yarinyar na cewa ba a yi mata adalci ba. Don su yi shiru ya ba kowa ɗaya. Na tsaya ina kallon 'yata tana ɓare leda da haƙori. Har yau ban san wace kalma na karkata ba, ban kuma tambaya ba.

Inna ta tashi, amma ɓarin jikinta ya shanye. Na zauna jinyarta. Bakinta ya karkace, kalma na fitowa rabi, wata ma iska ce kawai. Duk da haka in ta motsa leɓe na san ruwa take so ko a juya ta. Wata rana ta tambaye ni, da ƙyar, me ya sa jikokinta ba sa yi mata hira in sun zo. Na ce kunya ce. Ta dube ni da idonta mai lafiya.

Da na koma Funtua na ce wa Malam na gama makaranta. Hausa zan yi a gidana, wanda bai so ba ya toshe kunne. Na shirya wa faɗa, amma bai yi ba. Ya ce dama yaran sun wuce ni, babu sauran abin da zan ɓata.

Na ɗauka 'ya'yana za su dawo mini. Na zaunar da su zan ba su labarin Inna tana yarinya, yadda take tsallake rafi da tulu a ka. Yarinyar ta saurara kaɗan, idonta a kan leɓena kamar da. Da ta ga babu abin kamawa, ta ce tana da aikin gida. Ƙanenta ya bi ta.

Yanzu ta zama budurwa. Tana gaishe ni da ladabi, ta yi abin da na sa ta, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. In tana da labari kuwa, uban take jira. Ina jiyo su daga kicin suna dariya da wannan Turancin da na bar Tsiga dominsa. Kwalbar tana nan, daddawa nake zubawa a ciki.