Layin Rijiyar Gangara

Igiyar guga na fara gani, tana sauka a bayan wani magidanci har jini ya ɓata masa riga. Mai dukan yaro ne ɗan shekara sha biyar, wai an tsallake masa layi. Damina biyu ke nan ruwa bai yi ba, kuma da wuya rana ta faɗi ba a fasa kan wani a bakin rijiyar Gangara ba.

Lokacin na gama sakandare ina zaman gida, kaina cike da littattafan soyayya, ina ganin babu zuciyar da daɗin baki ba zai narkar ba. Aka ce mini yaron ya daina zuwa makaranta tun ranar da aka zane shi da dorina saboda makara, alhali ruwan gidansu ya tsaya ja. Na tare shi na ce, "Ƙanena, kai fa tauraro ne da gajimare ya rufe."

Ya kai mini naushi, leɓena ya fashe. "Tauraro za mu sha? Ina za ni in bar tsohuwata da ƙishirwa?"

Washegari na karɓi layinsa. Wata huɗu ina ja musu ruwa, tafin hannuna ya sale, sau biyu ana kirɓa ni da sanda. Shi kuwa ya koma aji, can baya, yana hararar kowa.

Yanzu ma'aikacin jinya ne a garin Isa. Shi ke ɗinke mutanen da 'yan bindiga suka sassara.