Jitar Baba Yohanna da Tafin Hannunsa

Har yau ban manta da ranar da Baba Yohanna ya shigo shagona a Kakuri, cikin garin Kaduna, rungume da jita cikin buhu ba. Shekarar 1999 ce, 'yan watanni bayan soja sun miƙa mulki. Lokacin ina gyaran rediyo da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, masaƙu kuma suna aiki, ko da yake sun fara tangal-tangal. In ma'aikatan masaƙa sun tashi daga aiki, titin gaban shagon cika yake da kekuna har ka rasa ta inda za ka tsallaka. Ina kewar wannan cunkoson, wallahi.

Baba Yohanna makanikin injin saƙa ne, mutumin kudancin Kaduna. Jitar da kansa ya sassaƙa ta da katakon maɗaci. Fikof ɗin ma, wato maganaɗisun da ake naɗe wa siririyar wayar tagulla don ya ɗauki motsin tsirkiya, shi ya naɗa abinsa.

Ya ce, "Malam Sama'ila, 'yata Rifkatu za ta yi aure ran Asabar a Kamazou. Ina so in kaɗa mata a coci. Kwayamasta, shugaban mawaƙanmu, ya ce ba zai jona wannan abu a amfilifayar coci ba, wai ƙugi yake yi."

Na jona ta a amfilifaya. Kafin a taɓa tsirkiya ko ɗaya, shagon ya ɗauki gurnani, har mai shayin da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo.

Na ce, "Baba, ai kwayamasta ya yi maka adalci. Ba ka ji?"

"Me?"

Sai a lokacin na lura bakina yake kallo. Shekarun da ya yi cikin ƙarar injuna sun cinye masa kunne. Yana jin kiɗa in ya yi ƙarfi, amma wannan ƙugin na ƙasa-ƙasa ba ya isa gare shi. Shi a zatonsa raina masa jita aka yi don ba ta kanti ba ce, abin kuma ya yi masa ciwo.

Na rasa yadda zan nuna masa. Shi ya samo hanya. Ya tashi ya ɗora tafin hannunsa a kan lasifika, ya rufe ido, ya daɗe a haka.

Ya ce, "Af! Ba ta da lafiya. Haka muke yi a masaƙa, Malam. Wa zai ji wani abu a can? Hannu muke sawa, inji ya gaya mana."

Na buɗe bayan jitar. Ga masu shigowa sana'ar yanzu, ƙugi irin wannan daga wutar gida yake zuwa. Fikof da wayoyinsa suna tsinto shi daga fitila da fanka da taransifoma kamar eriya. Baba ya yi amfani da wayar fitila, doguwa, a sake. Na cire ta na sa gajeriyar waya mai rigar raga. Wayoyi biyun da suka fito daga fikof na murɗe su tare. Ramin da ke cikin katakon na shimfiɗe shi da fallen gwangwanin madara, na haɗa shi da wayar atin, wadda ke janye ƙugin zuwa ƙasa. Sannan na ja wata wayar zuwa ƙarfen da tsirkiyoyin ke hawa, na tattara duk atin ɗin wuri guda na narka musu dalma.

Duk abin da na yi, sai ya ce in jona. Ya sa hannu, ya girgiza kai. "Da saura." Tun ina jin haushi, tunda ni ne mai kunne, har na ga bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Da na kashe doguwar fitilar shago na gama haɗin ƙarshe, ya dafa lasifikar, sai ya yi dariya.

"Ta kwanta."

Ran Asabar na je Kamazou, na tsaya daga bakin taga. Da aka zo kansa, ya kaɗa wata waƙar garinsu, ƙafarsa ɗaya ba takalmi a jingine da akwatin lasifika. Sautin ya fito tas. Amarya ta sunkuyar da kai tana share ido da gefen mayafi.

Ba a shekara ba aka sallame su daga masaƙa, ya koma ƙauye. Ni ma daga baya na kwashe shago na ƙetare kogin Kaduna, na koma ɗaya ɓangaren gari. Na tambayi mutane da yawa labarinsa, ban samu wanda ya sani ba, kuma ina kewarsa.

Abin da na ɗauka a wurinsa shi ne, in mutum ya kawo maka gyara, ka fara sanin ta inda shi yake jin kayansa. Har yau in na gama aiki nakan ɗora tafina a kan lasifika kafin in ce an gama. Kunnena lafiya lau, amma ba na iya bari.