Malaminmu Ɗan Aswan

Shekarar da ta biyo bayan juyin juya hali, kowa a Alƙahira bakinsa 'yanci. Direban ƙaramar bas ya tsaya a tsakiyar titi ya sha shayinsa, 'yanci ne. Mai kanti ya baza haja har kan kwalta, shi ma 'yanci ne. Sai dai 'yancin bai kai ga masu ba da hayar gida a unguwar Madinat Nasr ba, domin duk ƙofar da na ƙwanƙwasa, da an leƙo an ga fuskata sai a ce ma'alish, a yi haƙuri, yanzun nan wani ya kama.

Turanci nake karantawa a jami'a lokacin, kuma a zangon muna kan tsofaffin littattafan Amurka, masu labarin bayi da gonakin auduga da yaran da suke tasowa a cikin wannan ƙazanta. Ni kaɗai ne baƙin mutum a ajin. Duk sanda aka zo kan bawa, sai malam ya sauke tabarau ya dube ni da tausayi, ajin ma ya juyo, kai ka ce da safen nan aka kwance ni daga mari. Ban taɓa gaya musu kakana dillalin shanu ne mai ƙaton ciki ba, tunda tausayin yana zuwa da maki. Wasu littattafan kuma na waɗanda fatarsu ta yi haske ne, suka sulale cikin Turawa, suka daina amsa gaisuwar danginsu a hanya. Waɗannan kam na yi musu wankin babban bargo a jarrabawa, malam har ya karanta amsata a gaban aji.

Abokin da muke neman gidan tare ɗan Gombe ne, Shari'a yake karantawa. Ubansa Bafulatani, shi kuma ya ɗebo hasken da hancin gaba ɗaya. Tun yana ƙarami aka kawo shi karatu, don haka Larabcin Masar a bakinsa kamar a tsohuwar unguwar Darrasa aka binne cibiyarsa. Da muka gaji da kwana a ƙasan ɗakin wasu ɗalibai, ƙafar wannan a kan wancan, sai na ce masa ya gwada zuwa shi kaɗai, ni in laɓe a shagon mai lemo.

Ranar farko aka dace. Mai gidan wata Hajja ce da mijinta ya rasu, tana zaune a hawan ƙasa, kujerarta kullum a bakin matakala. Ba ta son takarda saboda masu haraji, da ido take ba da haya. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan Aswan ne kai?" Can kudancin Masar ke nan, inda fatar mutane ta ɗan fi duhu. Ya ce aiwa, wato e. Ta ce madalla, ita ba ta ba 'yan Afirka gidanta, suna dafa abu mai wari. Daddawarmu take nufi, baiwar Allah. Da na bayyana da akwatina washegari, fuskarta ta canza, sai abokina ya yi maza ya ce ɗalibinsa ne ni, Larabci yake koya mini saboda Allah. Ta yarda don darajarsa, da sharaɗin in ta ga abin da bai gamshe ta ba, mu duka waje.

Nan muka kafa doka, ba Hausa a matakala. Daga bakin titi har hawa na huɗu shi malam ne, ni ɗalibi. Da mun rufe ƙofa sai mu faɗi kan katifa muna dariya, ina kiransa Basha, yadda ake kiran manyan Masar. Amma wasa-wasa Basha ya fara jin daɗin rawanin. Ya dinga aikena sayo burodi a gaban Hajja, yana gyara mini Larabcin da ban ɓata ba. Hajja ta aiko masa da girki, ya cinye naman, ni in mayar da faranti. Nakan ji haushi, sai in tuna ƙasan ɗakin can da sanyin da ke tafe, in haɗiye.

Ana haka aka yi waya daga gida, za a kawo mahaifiyarsa aikin yanar ido, kuma a wurinmu za ta sauka. Inna baƙa ce wuluk kamar ni, ga tsagar gado a kumatu, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Larabcin kasuwa. Abokina ya daina cin abinci. Ya zauna yana lissafin ƙaryar da za ta ɗauki wannan nauyi, bai samu ba har jirgi ya sauka.

Ashe wahalar banza ya sha. Shi ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa. Ba ta masa magana a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. Duk ƙaunar da ta ƙunso daga Gombe a kaina ta juye ta. Da muka iso gida ita ce riƙe da hannuna saboda ba ta gani sosai, tana tambayata ko ina cin abinci, me ya sa na rame haka. Shi yana baya da jaka a kafaɗa.

Hajja ta miƙe daga kujerarta, ta dubi Inna, ta dube ni.

"Mahaifiyarka ce? Masha Allah, kamar an tsaga kara."

Na juya na kalli abokina. Shi kuma jakar yake kallo.

"Haka ne, ya Hajja," ya ce.

Abin mamaki, Hajja mai ƙin 'yan Afirka sai ga ta ta ɗauki Inna da zafi. Uwa dai uwa ce, in ji ta. Ta hau har sama da ƙafafunta masu ciwo, ta kawo miya, suka zauna suna hira kowa da yarenta, ba mai jin wata, suna ta dariya. Ta kuma yi wa abokina addu'a, wai samun malami mai hidima da uwar ɗalibinsa haka sai an tona. A cikin ɗaki kuwa shi ne mai ɗiga wa Inna magani, shi ne mai wanke mata kaya, ita tana kallon bango tana ce mini, "Ka gaya wa wancan ruwan ya yi zafi."

Aikin ya yi kyau, aka cire bandeji, Inna ta fara gani tar. Abin da ta fara gani kuwa shi ne wanda ba mu so ba. Ranar da na raka ta a duba idon, muna zaune a layin asibiti a unguwar Dokki, abokina ya tafi karɓo magani, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"Ɗana, wancan fa, me ya sa in mun zo wajen tsohuwar nan Hausa take ɗauke masa? Kuma me ya sa kai take nuna mini tana dafa ƙirji?"

Na yi ta kame-kame, na ce al'adar garin ce. Ta ce ita ma ta yi furfura a cikin al'ada, in faɗa mata gaskiya. Na faɗa mata, har da ƙasan ɗakin da muka baro, har da cewa ni na kawo shawarar, ko za ta rage masa laifi. Ta murza carbinta.

"Ni kunya ce ta hana ni kiran sunansa," ta ce. "Shi kuma me ya hana shi?"

Tambayar nan ce fa na ci maki a kanta a jarrabawa. Ba ta ƙara tayar da zancen ba, ni ma ban gaya wa abokina ba, don na kasa.

Ranar tafiya da hantsi muka sauko da kaya. Hajja tana bakin matakala, ta rungume Inna har da ƙwalla. Mota tana jira. A garinmu, a nan ne ɗa yake durƙusawa uwa ta sa masa albarka. Na durƙusa, tunda ni ne ɗan, Inna ta dafa kaina ta yi addu'a mai tsawo. Abokina yana tsaye ƙiƙam a gefen Hajja, hannu a aljihu, kamar yadda ya kamaci malami ɗan Aswan.

Sai Inna ta ɗago, ta dube shi ido cikin ido. Ban taɓa ganin ta yi haka ba, shi ma na tabbata bai taɓa gani ba.

"Ɗana," ta ce mini, idonta na kansa, "ka gaya wa malamin naka na gode da ɗawainiya. Ka ce masa uwarsa ta iya tarbiyya."

"Me ta ce?" in ji Hajja.

Ba yadda na iya, na juya masa maganar da Larabci, kalma bayan kalma, shi da ya sha Hausar nan a nonon mai maganar. Hajja ta gyaɗa kai ta ce wallahi gaskiya ne, ɗan mutunci ne, daga gani ka san gidan da ya fito. Muka tsaya mu uku muna jiransa.

"Shukran, ya Hajja," ya ce wa mahaifiyarsa.

Inna ta gyara mayafinta ta shiga mota. Gidan dai bai kuɓuce mana ba, a ciki muka yi sanyin shekarar.