Kafaɗar Kwandasta

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya karɓi ran aminina, masaƙin kujeru, wanda yara da manya suka sani da Kwandasta. Ya cika a ɗakinsa, a gaban uwargidansa da babbar 'yarsa, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba, aka yi masa sutura bayan azahar. Mai shi ne ya karɓi abinsa, mu ma muna kan hanya.

Ni ba marubuci ba ne, tsohon direban bas ne, kuma ko da na iya rubutun ba zan ga takardar ba. Autata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa. Na roƙe ta kada ta gyara mini magana, domin da kai nake, Kwandasta, kuma ka san yadda bakina yake.

A barandar asibitin ido muka haɗu. Likita ya gama gaya mini cewa hawan jinin ido ya cinye abin da zai ci, ba abin da ya rage mini sai bambance rana da dare. Ɗana ya zaunar da ni a kan kujera ya tafi layin magani. Ina zaune duniya ta yi mini zafi, sai na ji mutum yana aiki a ƙasa kusa da ni, yana jan igiyar roba yana ɗan waƙa a hanci. Can ka ce, "Malam, ƙafarka ta dama ta tokare ni. Birki take nema?" Na ce ta saba ne, ta daɗe tana takawa. Ka ce, "Ashe direba ne. To ɗan ɗaga, Direba, kujerar da kake kai ita nake jira, ta kusa zubar da kai." Ban yi dariya ba a ranar. Amma ɗana ya karɓi lambarka, saboda kujerun falonmu su ma sun zazzage.

Kafin ka zo gidanmu na riga na binne kaina da raina. Na shige ɗaki na ja labule, kamar labulen zai canza mini wani abu. Ni da na yi shekaru ina ɗaukar mutanen gari daga wannan ƙarshe zuwa wancan, na koma ba na iya zuwa banɗaki sai an riƙe mini hannu. Maiɗakina ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, ban motsa ba. Abokan aiki suka zo dubiya, suka yi ta magana da ni da ƙarfi kamar kunnen ne ya tafi, daga baya ƙafarsu ta ɗauke. Ban ga laifinsu ba, ni ma da na sami hanya da na guje wa kaina.

Kai ba ka yi mini jaje ba ko sau ɗaya. Ka baje kayan aikinka a bakin ƙofar ɗakina, ka yi ta saƙa kana tambayata hanyoyi: ina bas ke juyawa bayan gada, me ya sa direbobi ke ƙin layin kasuwa da yamma. Na ba ka amsa a daƙile, sannan na ba ka da tsawo, sannan na tsinci kaina ina musu da kai. A rana ta uku ka ce igiya ta ƙare, in zo in raka ka kanti. Na ce ba inda za ni. Ka ce, "Kama kafaɗata kawai. In ka faɗi, ni zan biya kuɗin gyaran mota." Har yau ban san abin da ya ɗaga ni ba. Na ɗora hannuna a kafaɗarka ta dama, na ji ƙashi da tsohuwar riga, muka fita.

Daga nan kullum sai ka zo, ko akwai kujera ko babu. Kana gaba ina baya, kana faɗa mini gari: ga kwata nan, ɗaga ƙafa, mai walda ya fito da ƙarafansa kan hanya, mu raɓa hagu, gidan burodi sun fitar da na farko, wancan mai babur ɗin ba shi da hankali, mu ba shi wuri. Ina jin ƙwas-ƙwas ɗin sandarka a gabanmu, na ɗauka ta ciwon gwiwa ce irin ta dattawa. Duk mutumin da muka wuce sai ka gaishe shi tun kafin ya buɗe baki, ka tambayi mai jikinsa. Na riƙa cewa a raina, bawan Allah nan idonsa kamar na shaho.

Watarana muna zaune a kan bencin kantin magani, baƙin cikin ya taso mini. Ka ce in yi haƙuri, ana sabawa. Na fusata na ce, "Ku masu ido bakinku da sauƙin magana. Me ka sani a kan duhu?" Ka ce gaskiya ne. Da na huce, sai na zaro kwalbar maganin ɗigawa na miƙa maka na ce ka duba mini ɗigo nawa aka rubuta. Na ji kana jujjuya ta a hannu. Sai ka ce, "Direba, wannan kam sai mu jira mai ido ya zo." Na ce ban gane ba. Ka kama hannuna ka ɗora a fuskarka, yatsuna suka taɓa inda idanu ya kamata su kasance. Ka ce, "Ƙyanda ce, tun ban fara makaranta ba. Na zaci ka sani, sai daga baya na lura ba ka sani ba, na ce to bari mota ta ɗan yi zafi tukuna."

Duk titunan nan, duk kwatocin nan, duk baburan nan, ashe makaho ne ke jan makaho, kuma ko tuntuɓe ba mu taɓa yi ba. Ka tuntsire da dariya har mai kantin ya leƙo, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini. Da na koma gida na tuhumi maiɗakina, ta ce, "Na gan shi da farar sandarsa tun ranar farko. Amma mutumin da ya fitar mini da kai daga ɗaki, ina ni ina buɗe baki?" Ban taɓa jin girman ikon Allah a jikina kamar ranar ba, kuma har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Washegari ka kawo mini sanda, ka ce daga yau an canza tsari. "Direba a gaba yake zama. Ni kwandasta ne, a baya nake, aikina in buga mota in ce tsaya ko mu je." Sunan da ya bi ka ke nan har kabari, jikokina ma Kawu Kwandasta suke ce maka. Ka koya mini yadda sanda ke share gaba kafin ƙafa ta taka, yadda iska ke canzawa a fuska idan an zo bakin lungu, yadda bango ke mayar da sautin taku. Idan na ɓata hanya ba ka gyara mini, sai ka yi ta bina kana fito har in gane da kaina. Wata rana na kai mu cikin garejin wani bawan Allah, ka ce, "Fasinja, a sauka, an iso ƙarshen layi." Ka koya mini saƙa ma, duk da ka ce kujerata ta farko sai maƙiyi za a ba ya zauna.

Ba ni kaɗai ba ne. Sai da na shiga cikin rayuwarka na gane cewa aikin kujerun asibitin nan kusan kyauta kake yi, don kawai ka kasance a barandar lokacin da mutum zai fito daga wurin likita da irin labarin da na fito da shi. Akwai malamar makarantar da ta koma aji saboda kai. Akwai telan da yanzu yake sayar da yadi, yana gane kowane da taɓawa. Ba ka taɓa kiran wannan taimako ba, ka ce kai dai kana son hira ne kuma masu ido sauri suke yi.

Abu ɗaya ne ya gagare ni, kuma ka san shi: babban titin da ya raba unguwarku da tamu. Titin da na fi sani a duniya, na bi shi da bas har ban san iyaka ba, kuma saboda na san shi ne nake tsoronsa. Na san yadda direba ke ƙoƙarin tsere wa danja, na san wanda birkinsa sai an yi famfo. Idan hannunka na bayana ina tsallakawa, amma ni kaɗai ko kusa. Ka sha gaya mini, "Kunnenka ya fi nawa sanin inji. Ka jira ka ji motocin gabanka sun tsaya injinsu ya koma silo, na gefenka masu bin hanyarka sun ɗauki giya ta ɗaya, sai ka bi su. Danjar makaho ke nan." Nakan ce sai gobe. Shekaru suka wuce kai ne mai zuwa gidana, ni ban taɓa zuwa naka da ƙafata ni kaɗai ba.

Da ciwo ya kwantar da kai, ɗana ya kai ni dubiya a mota. Na zauna a bakin gadonka na riƙe hannunka, yatsun duk kanta saboda igiya. Muryarka ta yi ƙasa, amma tsokanar tana nan. Ka ce, "Wa ya kawo ka?" Na ce yaron nan ne. Ka ce, "To ba ka zo ba tukuna, Direba. Kawo ka aka yi, kamar kaya." Muka yi dariya, na ce in ka warke za ka ga aiki. Ban san maganarmu ta ƙarshe ke nan ba.

Ranar Talatar, 'yarka ce ta kira ni tana kuka. Gidanmu ba kowa: maiɗakina ta tafi wurin 'yarmu da ta haihu, ɗana yana wurin aiki wayarsa ba ta shiga, Auta tana makaranta. Zan iya kiran maƙwabci, zan iya zama in jira. Na ɗauki sandar da ka ba ni na jawo ƙofa. Na wuce mai walda, na wuce gidan burodi, na zo bakin titin na tsaya. Motoci suna wucewa iskarsu tana kaɗa mini riga. Danja ta juya na ji ta sarai, amma ƙafata ta ƙi. Ta sake juyawa, ta sake ƙi. Sai na ji wata tsohuwar bas ta ja birki a gabana, injinta ya kwanta silo, na gefena suka ɗauki giya. Wallahi, Kwandasta, na ji kamar an buga mini baya an ce mu je. Na sa sanda a kwalta na bi su, ban tsaya ba sai da ta daki dakalin wancan gefen.

Da na shiga gidanka, uwargidanka ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a soro ta yi salati, domin ta ce taku irin naka ne. Ta ce, "Baban Auta, wa ya kawo ka?" Na buɗe baki in ce ba kowa, sai na ji ba gaskiya ba ne. Na ce, "Shi ya kawo ni." Ta fashe da kuka, ni ma na kasa riƙe nawa. Da aka ɗauko ka, na roƙi 'ya'yanka su bar mini gaban makara. Ka daɗe kana ba ni kafaɗarka, ranar na ba ka tawa, kuma direba a gaba yake zama.

Ya Allah, ga bawanka da ya rayu tun yarinta bai sake ganin hasken ranarka ba, amma bai taɓa yi maka ƙorafi a gabana ba. Ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi, ka yafe masa kurakuransa. Yadda ya riƙe hannun bayinka ya tsallakar da su, ka riƙe nasa ka tsallakar da shi siraɗi. Ka buɗe masa idanu a Aljanna, ka sa abin da zai fara gani ya zama rahamarka.

Ga uwargidansa, da 'ya'yansa, da jikokinsa, da duk wanda ya taɓa ɗora hannu a kafaɗar nan, ina miƙa ta'aziyyata da ta iyalina. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare bayansa, ya sa namu ƙarshen ya yi kyau. Kujerun barandar asibiti kuwa kada ku damu da su, na karɓi ragowar igiyarsa. Saƙata ba ta kai tasa ba, amma ranar Litinin zan je, kuma na san hanya.