Gardamar Inna da Kaltume ta Hayi

Ranar da aka kawo ni gidan miji a Mashigin Barau, ina lulluɓe a ƙuryar ɗaki sai na ji an kwarma wata murya, har kwanukan jerena suka amsa. Na zabura, na ɗauka gobara ce. Ashe uwar mijina ce take tambayar inda aka ajiye ludayi.

Sunanta na yanka ba ya shiga bakina, Inna nake ce mata har ta koma ga Allah. Doguwa ce, ga wushirya, ga cin goro, daddawa take yi tana sayarwa. Tunda nake da ita ban taɓa jin ta yi raɗa ba. In ta ja ki gefe ta ce, "Zo in gaya miki wani sirri," to ki tabbata har masu wanki a bakin kogi sun ji.

Muryar nan gado ce. Garinmu yana gaɓar kogi ne, tsakanin ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, daidai inda ruwa yake da sauƙin tsallakawa. A zamanin hare-hare, lokacin da mahara ke gangarowa daga duwatsun kudu su kwashi mutane da shanu, nan ce hanyarsu. Sai aka zaunar da kakanta Barau a wurin. Ba don ya iya harbi ba fa, an ce ko zomo bai taɓa samu da kibiya ba. Aikinsa ya hau tsamiya ya zuba ido, in ya hango su ya yi kururuwa, kowa ya tattara iyalinsa ya gudu. Mutane suka ga zama kusa da mai kururuwa ya fi kwanciyar hankali, suka yi ta kafa bukkoki har wuri ya zama gari. Hari ya ƙare, murya ta rasa aikin yi. Ta tsallake maza kaf a zuriyar, ta faɗa kan Inna.

Ita kuwa ta samar mata aiki. An yi haihuwa, ita ce shela. Akuya ta ɓata, ita ce cigiya. Amma babban aikinta shi ne Kaltume.

Kaltume 'yar Hayin Dada ce, ƙauyen da ke fuskantarmu a ɗaya gaɓar. Shekarar da fara ta cinye gonaki aka haife su duka biyun. Tun suna 'yan mata, kowacce na wanki a gaɓarta, suka fara tsokanar juna, ba su daina ba har suka yi jikoki. Da hantsi Inna za ta tsaya a bakin ruwa, hannu a ƙugu:

"Kaltumeee! An tashi, ko har yanzu ana munshari?"

Daga can kuma a amsa: "A'iii! Ke yarinya, haka ake gaida manya? Tsallako ki durƙusa!"

To nan gardamar take. Ƙarami ne ke zuwa gaida babba, kowa ya san haka, kuma kowaccensu ta rantse ita ce babba. Saboda haka babu wadda ta taɓa taka gaɓar 'yar'uwarta. Da rani ruwan ko gwiwa ba ya kaiwa, jama'a na kai da komowa, amma ban da su. Inna ta aika daddawa, Kaltume ta aiko busasshiyar kuɓewa. Ranar da mijin Kaltume ya rasu, Inna ta wuni a kan yashi tana kuka, ta yi ta'aziyya daga nan, ta tura ni da tuwo kwano-kwano. Wallahi abin ya ba ni haushi. Na ce a raina, wannan wane irin taurin kai ne, tsofai-tsofai da su?

Shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, sai ga masu awo daga Kano suna kafa turaku a gonaki. Aka ce dam za a yi, ruwa zai cinye garuruwan biyu. Mu za a kai mu wani tudu wajen garin Sara, mutanen Hayi kuma can wajen Sundimina. Maza suka shiga maganar filaye da kwanon rufi. Wasu har murna suke, wai sabon gari zai sami famfo da makaranta.

Inna ta tare wani mai awo, saurayi mai gajeren wando. "Ɗan nan, faɗin ruwan zai kai ina?"

"Baba, ko jiniya aka kaɗa daga nan ba za a ji a can ba."

"Jiniyar banza," in ji ta. Amma ranar nan ba ta ci tuwo ba.

Ana gab da tashi, Maikuɗi ɗan Kaltume, direban babbar mota ne, ya zo zaure wurin maigidana. Ina kai musu ruwa na ji yana cewa, "Kunnen tsohuwa ya tafi. An daɗe. Mu a gida sai da hannu muke yi mata magana. Muryar Innarku kaɗai ke shiga. Tunda ta gane za a raba gari ta daina magana da kowa. Ni ga shi kullum ina kan hanya, ban san yadda zan yi da ita ba."

Na dire kwanon na shige ciki. Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. "Inna, Allah ya huci zuciyarki, amma wannan ba girma ba ne. Baiwar Allah nan duk duniya ke kaɗai take ji!"

"Makirci ne," ta ce. "Na san Kaltume. So take in tsallaka, a yi min dariya."

Ta juya min baya ta ci gaba da ɗaure tukwane. Na lura dai igiya ɗaya take ta kwancewa tana sake ɗaurawa.

Ranar tashi, motoci suka jeru a gaɓa biyu, ana ta loda kaya, awaki na kuka, yara na hawa suna dirowa. Aka nemi Inna aka rasa. Can sai wani ya ce, "La ilaha illallahu! Ku duba!" Ga ta a tsakiyar kogi, ta sha zanenta na saƙi, ta tattare shi zuwa ƙwauri, ƙullin goro a hannu. Lodi ya tsaya cak. Na yar da tabarmar da ke kaina na bi ta a guje.

Kaltume na zaune kan ƙullin kayanta a gindin mota. Kusa da Inna 'yar mitsitsiya ce. Suka yi ta kallon juna. Inna ta ce, "Ashe haka kike? Duk rashin kunyar nan daga wannan ɗan jikin take fitowa?"

"Ke kuma ashe muninki ya fi yawa a kusa."

Jama'a suka kwashe da dariya. Sai Inna ta gyara zane, ta durƙusa har ƙasa, gwiwoyinta na ƙara, ta miƙa goro da hannu biyu. Ta buɗe murya gaba ɗaya, kaji suka watse:

"Ina kwana, Yaya!"

Dariya ta ɗauke. Kaltume ta kama hannunta, hawaye na bin kumatunta. Ni ma kuka nake, ba zan ɓoye ba, kuma ban ga wanda idonsa ya bushe a wurin ba.

"Tashi, A'i," in ji Kaltume. "Tashi don Allah. Kin girme ni. Uwata ta gaya min, da goyonki aka zo sunana."

Na ce a raina shi ke nan, yau Inna za ta yi guɗa har a ji a Gwaram. Sai ta miƙe, ta karkaɗe yashin gwiwarta.

"Ban ji ba. Kunnena ya fara lalacewa." Ta juya ga Maikuɗi. "Kai ɗan nan, in kana neman uwarka ka zo wajen Sara, ɗakina ya ishe mu. Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

"Na yarda, Inna. Allah ya saka da alheri." Ya sunkuya zai ɗauki kayan.

Ta buge masa hannu. "Kauce! Ƙanwa ce ke ɗaukar kayan yayarta."

Ta ɗora ƙullin a ka, ta riƙe hannun Kaltume, suka gangara cikin ruwa a hankali. Ina biye da su da takalmansu, ina jin Kaltume na cewa a rage sauri, Inna na cewa ai ga abin da tsufa ke jawowa nan.